Finjali Goma Sha Tara

Ranar da Ammu Raed ya ƙara wa baƙi kuɗin farautar barewa, babu wanda ya kai ni murna a duk unguwarmu ta Madain Fahd, amma ban gaya wa kowa ba. Ni dama ba mai gaya wa mutane abubuwa ba ce. In mutane suka wuce biyu a ɗaki, muryata maƙalewa take yi, sai in koma gyara tabarau.

Ammu Raed tsoho ne mai gona a bayan Jidda, tafiyar sa'a guda a mota. Yana kiwon barewa a wani makeken fili da ya kewaye da waya. Mai sha'awar farauta sai ya biya, a ba shi takardar izini da harsashi ɗaya tak. In ya samu, nama nasa ne, in ya kuskure sai baɗi. Kawuna Abdulghaffar ne ke kai masa sha'ir, abincin barewar, duk Asabar, ni kuma ina bin sa, wai don in taya Khala Haifa, matar Ammu Raed, aikin kicin. Gaskiya Mishmish nake zuwa gani.

Mishmish barewa ce da uwarta ta mutu ta bar ta da kwana huɗu a duniya. Hutun makaranta ne lokacin, ina gidan Khala Haifa, ni na shayar da ita, kwalbar madara a hannun dama, littafi a hannun hagu. Ta cinye mini shafi goma sha ɗaya na wani littafin tarihi, na yafe mata. Matsalarta ɗaya ce, ba ta san tsoro ba. Sauran barewa da sun ji ƙarar mota sai ka ga ƙura, ita kuwa da gudu take tahowa ta ga me aka kawo mata. Bana ta cika shekara biyu, ta shiga sahun waɗanda ake harbi. 'Yan gari sun san ta, ba wanda zai zubar da girmansa ya harbi dabbar da ke cin dabino a tafin hannunsa. Baƙi nake tsoro. Shi ya sa da na ji ɗan Jidda zai ci gaba da biyan riyal ɗari shida, wanda ba haifaffen nan ba kuwa sai ya aje dubu uku, na yi hamdala. Baƙi suka ɗauke ƙafa.

Sai ga Mailafiya.

Mutumin Bauchi ne, wata takwas ke nan da zuwansa aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. A masallaci suka haɗu da Kawu. Ya ce kakansa Sarkin Baka ne, mahaifinsa maharbi, shi kaɗai ne a gidansu bai taɓa kada ko zomo ba, ƙannensa har kiransa suke yi Sarkin Bakan Sauro. Hoto ɗaya yake so, shi da bindiga da barewa a kwance, ya tura gida ya rufe bakin kowa.

"Amma dubu uku, Alhaji? Ai sai in sayi raguna," in ji shi ranar da ya zo wajen Kawu a gida.

"Wa ya ce dubu uku za ka biya, ya daktur?" in ji Kawu. "Tsohon nan ba ya duba iƙama, takardar zaman baƙi. Ya ce shi ido gare shi, da ya kalli mutum ya san ɗan ina ne. To za mu ba idonsa abin kallo. Daga yau kai ɗan yayata ne, haihuwar unguwar Bani Malik. Kuma na san wata barewa da ko makaho zai same ta. Cinya ɗaya tawa ce, halas, an gama magana?"

Ina bayan labule da tiren shayi, duk a kunnena.

Abin haushi, ni aka ɗora wa koya masa. Kawu ya ce, "Mastura uwar littafi, rubuta masa yadda ake zama a majalisin Larabawa, ɗaya bayan ɗaya, kamar na jarrabawa." Na buɗe baki in ce a'a, sai na ji kaina na ce to.

Kwana biyu ina tunani. Ƙarya dai ba zan rubuta ba, don ba na iya ta, kunnuwana zafi suke yi. Amma babu malamin da ya ce mini dole ne takarda ta ƙunshi komai. Na rubuta masa abubuwa takwas, duk gaskiya. Yadda zai cire takalmi. Inda zai zauna. Kada ya miƙe ƙafa wajen mai gida. Ya karɓi finjalin gahawa da dama. Kada ya aje shi a ƙasa. Kada ya ƙi abin da mai gida ya miƙo masa, cin fuska ne. In ya shanye ya miƙa finjalin da dama. Ya ci dabino.

Na tara ne na bari a cikin alƙalami. Kowane yaro a garin nan ya san in gahawa ta ishe ka, sai ka ɗan girgiza finjalin kafin ka miƙa. In ba ka girgiza ba, mai gida zai ci gaba da zuba maka har tashin ƙiyama. Kawu ya karanta takardar sau biyu ya ce madalla. Bai ga abin da ya ɓace ba, don shi tun yana ɗan shekara biyar hannunsa ke yi masa wannan aikin, bai taɓa sanin abu ne da ake koyo ba.

Shi ya ƙara na kansa. "Larabcinka zai tona mu, ya daktur. Haƙori ke ciwonka. Ko an mare ka kada ka yi magana."

Ranar Asabar muka kama hanya da hantsi, buhunan sha'ir a bayan mota. Mailafiya ya sha farar jallabiyar Kawu wadda ta tsaya masa a ƙwauri, da jan mayafi a ka da ke zamewa duk lokacin da muka hau tudun titi. Ya cusa auduga a kumatu. Ko karyawa bai yi ba, wai maharbi da cikin wofi yake fita. Na kalli taga don kada su ga fuskata.

Muna isa Kawu ya sauke buhunan ya jera a bakin waya, maza suka shiga majalisi, ni na shige kicin. Akwai wata 'yar taga da ake miƙa butar gahawa ta ciki, daga nan ana hango komai.

"Khala, bari ni in dafa yau."

Ta dube ni ta saman tabaraunta. Cokali uku na garin gahawa ake sawa. Na sa bakwai. Ta ƙirga da ido, sai ma ta miƙo mini gwangwanin.

Ammu Raed da kansa yake zubawa, a tsaye, buta a hagu, finjali a dama. Kawu ya gabatar da ɗan yayarsa mai ciwon haƙori, tsohon ya yi masa sannu. Kawu ya sha ɗaya, ya sha biyu, ya girgiza, aka karɓe nasa. Mailafiya ya sha uku, ya miƙa da dama kamar yadda na rubuta. Aka zuba. Ya sha. Ya miƙa. Aka zuba.

A na shida Kawu ya daina labarin farashin sha'ir. A na takwas ya gane. Na ga ya buɗe baki ya rufe, don in ya faɗa da Hausa tsohon zai tambayi me aka ce, in ya faɗa da Larabci kuwa ya tona kansa. Sai ya ɗaga hannun dama daidai gwiwa ya shiga girgiza shi a iska yana zare ido. Mailafiya ya kalli hannun, ya kalli fuskar Kawu, ya girgiza kai cikin tausayi irin na ma'aikacin asibiti, ya karɓi na tara.

Buta ta ƙare. Ammu Raed ya miƙo ta ta taga ba tare da ya kalle ni ba. "Wata, ya binti. Ɗan gari ne ya zo mana da ƙishi."

Na sake sa bakwai.

A na goma sha huɗu zufa ta jiƙa jallabiyar Kawu da ke jikin Mailafiya. A na goma sha bakwai mayafin ya faɗi bai ɗauka ba. Ido ya yi jawur, ƙafarsa ɗaya tana kaɗawa ita kaɗai. Ya shanye na goma sha tara, ya ga butar ta sake karkatowa, sai ya tofar da audugar ya ɗaga hannu biyu sama.

"Don girman Allah, Baba, ya isa! Ni mutumin Bauchi ne! Wallahi mutumin Bauchi ne!"

Ammu Raed bai jin Hausa, amma wannan ba ya buƙatar tafinta. Ya aje buta ya yi ta dariya har sai da ya dafa bango. Kawu ya sunkuyar da kai yana nazarin darduma. Ni kuwa a kicin na damƙe hannun Khala Haifa. Dubu uku, ba shi da su. Mishmish ta tsira.

"Tun a na huɗu na sani," in ji tsohon yana share hawaye. "Abdulghaffar, gaya masa. Shekara arba'in ina zuba gahawa a ɗakin nan, ban taɓa ganin wanda ya shanye buta biyu don kada ya ɓata wa mai gida rai ba. Mutum irin wannan ba ɗan kasuwa ba ne a wurina, baƙon gidana ne. Baƙon gida kuwa ba ya biyan ko sisi. A ba shi bindiga."

Ji na yi kamar an zare ƙasa daga ƙarƙashina. Duk littattafan da na karanta babu wanda ya gargaɗe ni game da karamci.

Muka fita fili. Ban san lokacin da na bi su ba, Khala Haifa na biye da ni. Sauran barewa suna ganin mu suka watse. Mishmish kaɗai ta taho, tana 'yar rawar nan tata, ta tsaya taku ashirin daga gare mu tana kaɗa kunne. Na so in yi ihu. Sai na koma gyara tabarau kamar kullum.

Mailafiya ya ɗaga bindiga. Sai na ga bakin bindigar yana zana da'ira a iska. Ya sauke, ya ja numfashi, ya sake ɗagawa. Hannayensa rawa suke yi kamar ana kaɗa musu kalangu, har haƙoransa ana jin su.

"Tsaya cak mana, ya daktur!"

"Ai a tsaye nake, Alhaji. Filin ne ke motsi."

Ya rufe ido ɗaya, ya rufe ɗayan ma, ya harba.

Harsashin ya bar barewa can gefe ya je ya fasa buhun sha'ir na sama a jerin da Kawu ya yi. Mishmish ta yi tsalle ɗaya sama. Da ta sauko ta ga hatsi na zubowa, ta tafi a natse ta hau ci. Da ta ƙoshi ta zo ta shinshina aljihun Mailafiya, ta zaro dabinon da ya ɓoye, ta tauna a gabansa.

Ya juya wajen Kawu.

"Alhaji, wannan ka kawo ni in harba? Ai akuyar gida ce. Da na tura hotonta a mace, kakana sai ya taso daga kabari ya mare ni."

Ammu Raed ya waiwayo ya neme ni. Na ɓuya a bayan Khala, amma ita ta matsa gefe.

"Cokali nawa?" ya tambaya.

"Bakwai, Ammu."

"Duk butar biyu?"

Na ɗaga kai alamar eh.

"Zuciyata ta gaya mini, don ɗanɗanawa kawai na yi har yanzu tana tsalle." Ya ciro jan mayafin da Mailafiya ya yar, ya yage gefensa, ya miƙo mini. "Ɗaura mata a wuya. Daga yau mai jan ƙyalle ba ta cikin lissafi, ɗan gari ko baƙo. Ba zan iya sayen gahawa haka duk mako ba."

Na ɗaura. Sai da na yi ƙulli uku.

Mailafiya ya samu hotonsa. Yana tsugune, bindiga a kafaɗa, Mishmish na cin kwalar jallabiyarsa. Ya ce zai rubuta a ƙasa cewa da ranta ya kama ta, wanda ko kakansa bai taɓa yi ba.

A hanyar komawa Kawu bai kula ni ba, yana ta ƙunƙuni a kan buhunsa da mayafinsa da cinyar da bai samu ba. Mailafiya ne ya yi ta surutu ba numfashi tun daga gona har muka hango gadojin Jidda. Sai can ya dafa kafaɗar Kawu, ya sassauta murya.

"Alhaji, kada ka ji kunya. Na ga hannunka ɗazu a majalisi. Ka zo asibiti ranar Litinin a duba ka, abin nan in aka kama shi da wuri yana jin magani."