Gayyar Auduga a Silimar Durra

Silimar Durra tana cikin wata tsohuwar unguwa ta Doha, tsakanin shagon faci da wani kantin kayan miya. An daina nuna fim a cikinta tun kafin a haifi Atine. Duk da haka, wanda ya ɗaga kai zai gane ba a gina ta da gaggawa ba. Kusurwoyinta a lanƙwashe suke kamar gaban jirgin ruwa, goshinta yana hawa mataki-mataki, salon da masana gini ke kira Art Deco. Abin da ya fi daraja kuwa yana ciki, a bangon zauren shiga: zanen rana tana fitowa daga teku, da kore da ruwan zinare, wanda gishirin iska da ƙura suka dusashe har sai mutum ya ƙura ido kafin ya gane shi.

Atine 'yar Zariya ce, masaniyar zanen gine-gine, tana aiki a wani kamfani a unguwar West Bay. Wata tsohuwa mai suna Ummu Jasim, babbar 'yar marigayi mai silimar, ita ce ta nemo ta. 'Yan'uwan tsohuwar suna son a sayar da wurin a rushe, ita kuwa ta kai buƙata ga kwamitin adana kayan tarihi. Amsar kwamitin ba ta da tsawo: za su zo su duba, idan adon asali yana nan za a saka ginin cikin waɗanda ba a rushewa, idan babu, magada su yi yadda suka so.

Hausawan Doha suna da nasu dalilin damuwa. Shekara da shekaru marigayin ya bar musu farfajiyar silimar suna haɗuwa ranar Sallah, masu gadi da direbobi da likitoci a kan tabarma ɗaya. Da Atine ta ce ana bukatar hannu don kwashe tarkace kafin zuwan kwamiti, Baba Nasidi, dattijon da ke gadi a garin Lusail, wanda kowa ke jin maganarsa, ya ce, "Ai wannan aikin gayya ne, Injiniya. Ki bar mana Juma'a."

Ta bar musu. Ta kuma tuna cewa mai gayya shi ke ciyar da 'yan gayya, saboda haka safiyar Juma'ar ta same ta a ɗakin girki tare da ƙawarta Zuwera, ma'aikaciyar jinya, suna fama da tukwanen shinkafa da wake. Ta riga ta gaya musu a kwashe karyayyun kujeru, a share, a wanke ƙasa. Bai zo mata a rai ba ta faɗi abin da kada a yi.

Hantsi ya ɗaga lokacin da suka isa. Tun daga ƙofa ta ji warin fenti. Ta ajiye kular da ke hannunta a hankali ta shiga.

Zauren ya yi fes. An kwashe komai, an wanke dakali, kuma bangon nan ya koma fari ƙal daga sama har ƙasa. Babu rana, babu teku. Maza suna tsaye a jere, fenti a hannuwansu da gemunsu, suna murmushi irin na wanda ya shirya wa mutum abin mamaki.

"Yaya kika gani, ranki ya daɗe?" in ji Surajo, wani direba mai yawan barkwanci. "Ko otal ɗin Lusail albarka!"

Atine ta karanta Innalillahi a zuci, ta maimaita. Sa'annan ta ce, "Baba, wa ya ce a shafa fenti?"

Murmushin Baba Nasidi ya ragu. "Ni ne. Kin ce manyan baƙi za su zo. A ina aka taɓa tarar baƙo da bango duk dabbare-dabbare? Tun asuba muka fara, don kada ki zo ki tarar ba a gama ba."

"Dabbare-dabbaren nan su baƙin za su zo gani, Baba. Zane ne. Saboda shi kaɗai za a bar ginin a tsaye."

Baba Nasidi ya dubi bangon, ya dubi tafin hannunsa. Ya cire hularsa ya riƙe, abin da Atine ba ta taɓa ganin ya yi ba.

"Wato da hannunmu muka rushe shi ke nan, 'yata."

Maganganu masu zafi sun zo mata har baki. Amma ta ga mutanen da suka fito daga gadin kwana ba su runtsa ba, suka haɗa hannu suka sayi fenti don su fitar da ita kunya. Ta kuma san inda take lokacin da ake shafa shi. Ta ce a miƙo mata bokitin. Ta karanta jikinsa, ta lakaci kaɗan ta murza tsakanin yatsunta.

"Alhamdulillahi, fentin ruwa ne, ba na mai ba. Zuwera, akwai auduga a motarki?"

Aka kawo auduga da ruwan ɗumi daga butar shayi. Atine ta naɗa ɗan ƙullin auduga a kan tsinke, ta jiƙa, ta riƙa mirgina shi a wani gefe na ƙasan bangon, ba tare da gogawa ba. Ta daɗe a durƙushe. Can sai farin ya ɗaga, wani kore mai duhu ya leƙo, faɗinsa bai wuce farcen babban yatsa ba.

Surajo ya sunkuya ya duba, ya ɗaga kai ya auna bangon da ido. "Injiniya, da wannan tsinken? Ai sai jikokinmu su zo su ƙarasa."

"Da wannan tsinken. Wanda ya goga da ƙarfi zai tafi da zanen gaba ɗaya."

Baba Nasidi ya mayar da hularsa. "To, gayya ba ta watse ba. A ci abinci, a tafi masallaci, a dawo. Wanda ya shafa shi zai cire."

Haka aka yi. Gayyar da aka saba, ta ƙarfi ce da hayaniya, a gama kafin rana ta take. Wannan kuwa ta zama ta zaman shiru. Atine ta raba bangon da zare, kowa da ɗan yankinsa, ta koya musu yadda ake mirgina audugar a yar da zarar ta yi datti. Masu gadin kwana suna zuwa da hantsi, masu aikin rana suna zuwa bayan la'asar. Labari ya kai garin Wakra, wasu injiniyoyin gas suka zo da matansu. Mai kantin kayan miya na maƙwabta ya riƙa aiko da ruwan zafi ba a roƙe shi ba. Zuwera ce ke zagayawa tana duba hannuwa.

"Malam Surajo, ba mota kake wankewa ba. Sassauta."

"Haba, Hajiya, ni da ko matata ba ta taɓa ganin na riƙe auduga ba!"

Baba Nasidi bai cika magana ba a kwanakin nan. Ya zaɓi sama, inda ya fi wuya, ya hau tsani da tabaraunsa na karatu. Sau da yawa sai Atine ta roƙe shi kafin ya sauko ya sha ruwa.

Ranar da kwamiti ya zo, aikin bai kai rabi ba. Teku ya fito daga gefen hagu, rana ta fito rabi, sauran duk fari ne. Wani ya ba da shawarar a jingina allo a rufe wajen, Atine ta ƙi. Ta tari shugabar kwamitin, wata mata mai suna Nusrat, ta gaya mata abin da ya faru tun daga farko, ba ragi.

Nusrat ta ɗaure fuska. Ta haska bangon da ƙaramar tocila, ta bi korayen layukan a hankali, tana neman inda aka ƙwarzane. Ta daɗe ba ta samu ba. Ta juya ta dubi mutanen da ke zaune a ƙasa da tsinkayensu, wasu da kayan gadi a jiki.

"Wane kamfani ne wannan?" ta tambaya da Turanci.

"Ba kamfani ba ne. Su ne suka shafa fentin, su ne kuma suke cire shi."

Ummu Jasim, wadda ta shigo a bayansu tana dogara sanda, ba ta saurari komai ba. Ta tsaya gaban rabin ranar nan. Ruwan ɗumin da ya ɗauke fentin ya ɗauke ƙurar shekaru tare da shi, ruwan zinaren ya fito da hasken da duk zauren ba wanda ya taɓa gani sai ita. Ta yi magana da Larabci, Nusrat ta fassara: haka yake ranar da mahaifinta ya ɗauke ta a kafaɗa ya nuna mata shi.

Kwamitin bai ba da takarda a ranar ba. Nusrat ta ce adon asali yana nan, ta gani da idonta, za a dakatar da maganar rushewa har a gama, sa'annan su dawo. Ta ƙara da sharaɗi ɗaya, tana duban Baba Nasidi a kan tsaninsa: kada kowa ya sake shigowa da bokitin fenti.

Atine ta fassara masa. Dattijon ya yi dariya, karo na farko tun ranar Juma'ar.

"Ki ce mata halas, magana ta ƙare. Ko ɗakina ba zan ƙara shafa wa ba sai na tambaye ki."

Da baƙin suka fita, Ummu Jasim ba ta bi su ba. Ta sa aka jawo mata kujera kusa da bango, ta miƙa wa Zuwera hannu. Zuwera ta naɗa mata auduga a tsinke, ta jiƙa, ta nuna mata inda za ta fara. Atine ta yi hamdala a hankali, ta naɗe hannun rigarta, ta koma yankinta na gefen teku.