Tayar Baya ta Hagu

Shekara tara ina faci a kamfanin bas ɗin nan, ba a taɓa dawo min da aiki ba, sai da Babban Direba ya ƙirƙiro wa tayar baya ta hagu ciwo.

Babban Direba fa! Ga tumbi ga murya, in ya shigo gareji kowa sai ya gyara zama. Tafiyar awa huɗu ya mai da ita shida. Fasinja suka yi ta ƙorafi, shi kuwa amsarsa ɗaya: taya ke sacewa, dole ya riƙa tsayawa yana dubawa. Na cire tayar na tsoma a ruwa, ko kumfa ɗaya babu. Na sauya bawul, bakin hura iska. Na sauya tayar ɗungurungum. Washegari sai ga shi: "Mai faci, tayarka dai." Tayata! Ni na haife ta?

Manaja ya kira ni ya ce in aka sake kawo ƙarar tayar nan, in tattara kayana. 'Ya'yana huɗu, kuma ba ni da wata sana'ar.

Ranar Talata na bi motar, na zauna kujerar ƙarshe. Ba mu yi minti arba'in ba ya faka gefen titi, ya sauka da ɗan ƙarfensa. Na leƙa ta taga. Ya ƙwanƙwasa tayar sau biyu don fasinja su ji, sannan ya tsuguna a bayanta. Minti biyar yana nishi, gumi na zuba, fitsarin da ya fito bai cika murfin kwalba ba. Sau bakwai muka tsaya.

Da muka isa na ja shi gefe. "Yaya, ba taya ba ce, fitsari ke maka gardama. Baffana ya yi irinsa. Likita ya ce wani abu ne ke kumbura a ƙasan mafitsara ya matse hanya, aka ba shi magani ya samu sauƙi. Ka je a duba ka."

Ya zare min ido. "Ni zan kwance wando gaban likita? Kamfani ya ji ya karɓe min mota? Kai, ka iya bakinka."

Ka ji namiji! Gwajin likita yake tsoro, amma abincin 'ya'yana ko a jikinsa.

Ranar Alhamis Manaja ya kira mu tare. Ya bar mu tsaye gaban teburinsa kusan rabin awa yana waya, Babban Direba na ta sauya ƙafa. Da ya ajiye wayar ya ce, "Direba, faɗa min gaskiya, mene ne ke tsayar da kai?"

Mutumin nan ya dubi ƙasa ya ce, "Tayar ce, ranka ya daɗe."

Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan zazzage komai. Sai idona ya sauka kan wandonsa. Danshi ne ke bin cinyarsa a hankali, ya ja hularsa ya kare wurin. Mutum mai jikoki! Wallahi kunya ta kama ni kamar ni na yi. Ni ma da tawa wautar, na haɗiye maganar, na ajiye wa Manaja makullin shagon faci, na bar aikin.

Ina ɗaure akwatin kayan aikina a bayan babur ya biyo ni bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa.

"Ƙanena, na gode. Ka rufa min asiri."

"Riƙe godiyarka, Yaya," na ce. "Je ka sauya wando, fasinja na jiranka."