Idon Malam a Bakin Tafki

Shekara da shekaru maigidana Malam yana tashi da sassafe in kaka ta yi, ya tafi bakin tafki kallon tsuntsayen da ke yada zango a kan hanyarsu ta ƙaura. Ban taɓa binsa ba. Ni a ganina, tsuntsun da ba a tukunya yake ba, ba shi da wani labari.

Bana yanar ido ta rufe masa gani. Ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa, musamman abokan kallonsa, tela da wani tsohon direba, waɗanda ba sa yarda da sunan tsuntsu sai ya fito daga bakin Malam. Ya ce in suka sani za su fara tausaya masa, shi kuwa gara zagi da tausayi. Dabarar da ya kawo ita ce in zauna kusa da shi a benci, in riƙa raɗa masa siffar abin da ya sauka, shi kuma ya ɗaga madubin hangen nesa ya faɗi sunan.

To ni ina na san siffar tsuntsu? Dangi kawai na sani. Da wani ya sauka cikin ciyawar ruwa, na raɗa masa cewa ga mai dogon wuya da kallon raini, sak yayarsa. Nan take ya ce zalɓe, tela ya jinjina kai. Masu surutu da ke zuwa a ayari su cinye komai su tashi, na ce dangin mahaifinsa ne ranar ziyara. Ya ce kirinjijiya, yana taka mini ƙafa. Haka muka yi ta yi, ban taɓa more gulmar surukai a gaban ɗansu kamar bana ba.

Wata safiya direba ya daina tauna cingam, tela ya miƙe a hankali. Wata farar shamuwa ce ta sauka can hagu, irin wadda Malam ya daɗe yana jiran gani. Ya matse hannuna, ya ce, “Hajiya, da wa ya yi kama?”

Na duba, na ce, “Da kai. Ya sha tafiya, ya gaji, ya tsaya da ƙafa ɗaya wai don kada a gane.”

Ya gane ko wace ce. Ya ɗaga madubin, ya faɗi sunanta, har ya fara yaba kyawun fukafukanta. Sai dai ya auna dama ne, wajen kwandon shara. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa yadda zan yi in cece shi.

Tela ya matso, ya dafa kafaɗunsa biyu kamar zai gwada masa riga, ya juya shi hagu. Bai ko kalle ni ba, ya ce, “Ci gaba, Malam, muna jinka.”