Makullan Suna Aljihun Baba

Motar Baba ta yi wata goma sha ɗaya a tsakar gidanmu ba ta motsa ba. Tayoyinta biyu sun sace, ganyen bishiyar maƙwabta ya taru a gindin gilashin gaba, kyanwa kuma ta haihu a ƙarƙashinta har sau biyu. Kullum da safe Mama kan ɗauki tsumma ta goge ta daga waje, don babu mai iya buɗe ta.

Makullan motar biyu ne, duka biyun kuma suna tare da Baba. Tun da ya saye ta ya haɗa su a zobe ɗaya, wai don kada ɗaya ya ɓata. Yaya ta sha yi masa dariya, tana cewa, "Baba, ai amfanin na biyun a ajiye shi a gida." Shi kuwa sai ya ce gidan da ake kwana uku ana neman almakashi ba zai ba shi ajiyar makulli ba.

Ranar da ya tafi, dubiya zai je wani gari mai nisa, wurin abokinsa da ke kwance. Ya ce ba zai wahalar da motar ba. Ya kulle ta, ya jefa makullan a aljihu, ya hau motar haya. Bai isa wurin abokin ba, bai kuma dawo ba. An je tasha, an je asibitoci, an je wurin 'yan sanda. Babu wanda ya ga gawa, babu wanda ya gan shi da rai. Mutane suka riƙa zuwa ba su san gaisuwar da za su yi mana ba, jaje ko ta'aziyya, har suka gaji suka daina zuwa.

Yaya ta iya tuƙi, Baba ne ma ya koya mata. Sai ga wata makaranta ta ce za ta ɗauke ta aikin kai yara da ɗauko su in tana da mota, kuma Litinin za a fara. Kwana uku ta yi tana lallashin Mama. A na huɗu Mama ta ce, "A kira mai yankan makulli ya duba. Dubawa na ce."

Ni aka aika, domin Yaya ta tafi neman aron batir da mai ba taya iska. Ba na son magana da baƙi, harshena sarƙewa yake yi, don haka na rubuta abin da zan faɗa a bayan wata takarda, na yi ta maimaitawa a hanya.

Shagon ɗan ƙarami ne, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Makullan da ba a yanka ba suna rataye a bango jeri-jeri, ƙasa kuma duk garin ƙarfe ne mai ƙyalli. Mai makullin dattijo ne, ya ɗaure ƙafar tabaransa da zare. Na gaishe shi, na buɗe baki, duk abin da na haddace ya gudu. Sai kawai na miƙa masa takardar.

Ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau. "Rubutu kamar na alƙali. To 'yata, ɗaya ne ya ɓata ko duka?"

"Duka, Malam."

"Kowa haka yake cewa. Sai na gama aiki a tsinci ɗaya a aljihun wando."

"Wannan ba za a tsinta ba," na ce. Ban san lokacin da maganar ta fita ba, na ji kamar in kamo ta in mayar.

Bai tambaye ni dalili ba. Ya ce ba ya yanka wa mota makulli sai ya ga takardunta, in ba haka ba da tuni ɓarayin garin nan sun ɗauke shi aiki. Na ce takardun suna cikin motar, motar kuma a kulle.

"To sai in buɗe a gaban masu ita," ya ce, ya fara ɗaura jakarsa a bayan babur.

Da muka iso Yaya ta riga ta dawo, tayoyin sun cika, batir na ajiye a ƙasa. Mama ta fito da mayafi, suka gaisa da dattijon, ta tsaya nesa kaɗan ta harɗe hannuwa. Ya zura wani ɗan matashi na roba a saman ƙofar direba, ya hura masa iska har ƙofar ta ɗan yi baki, ya saka wata doguwar waya ya ja hannun ciki. Ko minti biyu bai yi ba.

"Malam, ashe da ɓarawo ne kai da mun shiga uku," in ji Yaya.

"Shi ya sa nake kwana da wuri," ya ce, ya ja ƙofar.

Iska mai zafi ta fito, da ƙamshin turaren Baba a cikinta. Ban yi tsammanin ƙamshi na iya jira haka ba. Dariyar Yaya ta tsaya. Ga gorar ruwansa an sha rabi, ga hularsa ta zuwa kasuwa a kujerar baya. Mama ba ta matso ba, sai dai na ga ta kama bakin mayafinta ta matse.

Takardun suna cikin ɗan akwatin da ke gaban kujerar mai zaman banza. Mama ta kawo katin shaidarta, dattijon ya haɗa sunaye da adireshi, ya duba lambar da ke jikin motar, ya gyaɗa kai.

"Hajiya, mai motar fa?"

"Ya yi tafiya," in ji Mama.

Yaya ta sunkuyar da kai. Dattijon ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Allah ya dawo da shi lafiya." Mama ta ce amin da ƙarfi, don an daɗe ba a yi mata wannan addu'ar ba.

Ya kwance gidan makullin ƙofar, ya baje shi a kan tsumma. Na tsuguna kusa da shi, domin kallon aiki ya fi mini sauƙi a kan kallon fuskar Mama. A ciki akwai wasu 'yan siraran ƙarafa, kowanne da tsayinsa. Ya ce su ne ke faɗa masa yadda haƙoran makullin suke. Ya rubuta lambobi a tafin hannunsa, ya ɗaura sabon makulli a ɗan injinsa, injin ya yi ta kuka yana zubar da gari. Ya mayar da gidan makullin inda yake, ya gwada. Ƙofa ta kulle, ƙofa ta buɗe.

Aka ɗaura batir. Ya murza makullin a wurin tayarwa, fitilu suka kama, injin ya yi ta juyi, amma motar ba ta tashi ba.

"Ta ƙi," in ji Yaya.

"Ba ta san shi ba tukuna." Ya nuna mana kan makullin, inda baƙar robar take. Ya ce a ciki akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa, shi ne ke gaya wa motar ko wane ne shi. Motar tana da ƙwaƙwalwa, makulli biyu ta sani, duk wanda ba su ba baƙo ne. Ya ciro wata na'ura mai allo, ya jona ta a ƙarƙashin sitiyari, sannan ya juyo ga Mama.

"Hajiya, kafin in taɓa, ga yadda abin yake. Da akwai tsoho ko ɗaya a hannu, da sai in ƙara sabo a kansa. Tunda babu, irin wannan motar ba ta karɓar sabo sai an goge na da duka."

"A goge kamar yaya?"

"Ta manta da su. Ko an tsince su gobe, ba za su ƙara tayar da ita ba."

Mama ta ce, "To a bar shi. Mun gode, Malam, a ba ka ladan wahalarka."

"Mama!" in ji Yaya.

"Dubawa na ce a yi, an kuma duba."

"Mama, wata goma sha ɗaya fa."

"Na iya ƙirga, ba sai kin taya ni ba."

"To Litinin in ce musu me? In goya yaran a baya?"

"Ki ce musu abin da kika ga dama." Mama ba ta ɗaga murya ba, da ma ba ta ɗagawa. "Mutum ya dawo gidansa, ya sa hannu a aljihu, ya ciro makullinsa, motarsa ta ƙi shi. Ya tambaye ni me ya faru. In ce masa me? In ce mun goge ka?"

Yaya ta juya mana baya, ta dafa motar da hannu biyu. Dattijon ya fara naɗe wayar na'urarsa a hankali, a hankali ƙwarai, kamar mai ba mutane lokaci.

Akwai tambayar da ke cina tun ina tsugune. Na san in na yi magana duk za su juyo su dube ni. Sai da ya kai hannu zai zare na'urar na ce, "Malam, ƙofar fa?"

Suka juyo kuwa.

"Na ga... na ga ba ka canja gidan makullin ba. A kansa ka yanka sabon. To tsohon, ƙofar..."

"Zai buɗe," in ji dattijon. "Haƙoran ai ba su canja ba. Ƙofa ba ruwanta da ƙwaƙwalwa, ƙarfe ne da ƙarfe. Tayarwa ce kawai ba zai yi ba."

Mama ta matso taku biyu. Wannan ne karo na farko da ta zo dab da motar tun da aka buɗe ta.

"Kana nufin in ya zo ya sa nasa, za ta buɗe masa?"

"Za ta buɗe, Hajiya."

"Ya shiga ya zauna."

"Ya zauna, ya jingina ma in ya so."

"Sai dai ba za ta tashi ba."

"Sai ya kira ku."

Mama ta daɗe tana kallon kujerar direban. "Da ma haka yake," ta ce, kamar da kanta take magana. "Ko tabaransa ya rasa sai ya tara gida da kira."

Ta zagaya ɗaya gefen, ta buɗe ƙofa, ta zauna a kujerar gaba, ta gyara mayafinta, ta ɗora hannuwa a cinya kamar za a yi tafiya. Dattijon ya warware wayar da ya naɗe.

"Hajiya, sau ɗaya za ta tambaye ni. In na danna babu komawa."

"Na ji."

"In danna?"

Mama ta rufe ido. "Bismillah. Danna."

Aka ce sai an jira minti goma. Ban taɓa ganin minti goma mai tsawon wannan ba. Wani siririn layi yana tafiya a allon na'urar, ni da Yaya muna kallonsa, Mama kuma tana kallon gabanta, hawaye na sauka ba ta share ba. Babu wanda ya ce mata ta yi haƙuri, na kuma ji daɗin hakan. Da layin ya cika, dattijon ya yi 'yan danne-dannensa, ya fito ya miƙa wa Yaya makullin.

"Direba, bisimilla."

Yaya ta shiga ta murza. Motar ta yi tari sau biyu, ta fitar da baƙin hayaƙi, ta tashi. Ƙarar ta cika gidan har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga, ta ga mu ne, ta koma.

Kujerar tana can baya, daidai tsawon ƙafar Baba. Yaya ta zauna a bakin-bakinta, ta miƙe ƙafa tana neman birki da yatsu. Ta kai hannu ƙarƙashin kujerar inda ake ja, sai ta fasa, ta dubi Mama.

Mama ta share fuska da bakin mayafi.

"Ja ta gaba mana," ta ce. "Ƙafarki ba ta kai ba. Ko so kike ki zubar da 'ya'yan mutane a hanya?"

Yaya ta ja. Kujerar ta ɗan cije, sannan ta taho. Ni kuma aka ce in daina tsayuwa kamar an dasa ni, in je in buɗe ƙofar gida.