Dami Mai Ƙulli Biyu

Malam Tambaya bai so fitowa majalisa ran nan ba. Gwiwa na ciwo, ga ƙarar injin sussuka tun hantsi ta hana garin Sanyinna sakat. Amma zaman ɗaka ma ba daɗi, sai bayan azahar ya ja sandarsa zuwa gindin darbejiyar masallaci, inda dattawan unguwa ke tauna goro suna taɓa hira.

Daga garin Jabo aka kawo injin, kuma Sirajo ɗan Tambaya ne ya nace. Tambaya ya ƙi, ya ƙi, har ya gaji da ƙi. Abin da ya karya masa gwiwa shi ne ciwon bayan matarsa Mu'minatu. Shekara da shekaru tana kan turmi da taɓarya, bana kuwa ko daga sallah za ta tashi sai ta dafa bango. Da bakinsa ya ce mata ta zauna gida ta huta, kada ta taka masussuka.

Abu ɗaya ya tsare wa kansa, damin iri. Geron zango ne mai doguwar zangarniya, wanda ya gada wurin mahaifinsa. Duk garin babu sauran mai shuka shi, kowa ya koma gajeren geron zamani mai saurin nuna, har Sirajo. Da girbi Tambaya ya bi gonarsa yana zaɓen manyan zangarniyu, ya ɗaure su da kaba, ya yi ƙulli biyu kamar yadda ake yi tun kaka da kakanni. Dami mai ƙulli biyu ba a taɓa shi, rumbu yake hawa ya jira damina. Ya bar shi cikin sauran dammunan gidan a masussuka, da niyyar in gwiwa ta lafa ya ɗauke. Gaya wa Sirajo kuwa ko a ransa bai zo ba, don a ganinsa wannan ba abin faɗa ba ne.

A majalisa Ɗangiwa na jiransa. Sa'ansa ne, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma a Tambuwal, wanda in bai tsokani Tambaya ba goro ba ya yi masa daɗi. Ko zama bai gama ba Ɗangiwa ya yi masa murna, wai ashe sarkin gardama ya miƙa wuya ga zamani. Shi ke nan aka buɗe tsohon faifai. Tambaya ya ce furar geron inji warin mai take yi. Ɗangiwa ya ce hancinsa ne ya tsufa. Tambaya ya ce yanzu ko rasuwa aka yi, a waya ake gaisuwa. Ɗangiwa ya tuna masa cewa zuwansa Kebbe ta'aziyya kwanan nan bisa babur ya tafi, bai ga ya ɗaura wa jaki akumari ba. Aka yi dariya, irin dariyar da ake yi wa zancen da kowa ya haddace. Shi kansa Tambaya ya gaji da musun nan, yana yi ne kawai don ba a san shi da shiru ba.

Can dai ya samo wadda yake ganin za ta rufe bakin Ɗangiwa.

"Abin da nika faɗi, inji ba shi da ido," in ji shi. "Mace in tana sussuka ta ga dami mai ƙulli biyu, ta san mi ta gani. Inji fa?"

Ɗangiwa ya kama sosa gemu. Daɗi ya fara kama Tambaya. Sai Mu'awiya tela, magidanci da 'ya'yansa, wanda suka tashi tare da Sirajo, ya ɗago daga hular da yake ɗinki.

"Baba, mi ne ne ƙulli biyu?"

Da gaske yake tambaya, ba tsokana. In Mu'awiya bai sani ba, Sirajo a ina zai sani? Tambaya ya laluba sandarsa ya miƙe, ko sallama babu. Bai kai rabin hanya ba ƙarar injin ta ɗauke.

A masussuka ya tarar da tsibi guda na tsaba, nasa da na Sirajo a cakuɗe, ana ta ɗura buhuna. Sirajo ya taho fari fat da ƙaiƙayi, baki har kunne, yana cewa aikin da kan cinye wa Inna rani ga shi an gama kafin la'asar. Tambaya ya sa sanda yana tona tarin kabar da aka yar, har ya ga tasa, an datse ta da wuƙa, ƙullin na nan yadda ya yi shi.

"Awo, wanga damen ya ba mu wuya," in ji Sirajo. "Sai da na yanke. Wa ya ɗaure shi haka, Baba?"

Faɗa ya taso wa Tambaya, sai ya rasa wa zai yi wa. Ya duƙa da ƙyar ya damƙi tsabar ya duba. Gero ne dai, ba mai iya cewa wannan na wane ne. Baƙin ciki ya cika shi, da wata irin gajiya da ta fi ta gwiwa. Ya ce wa Sirajo Allah ya yi albarka, ya juya.

Ya iske Mu'minatu a inuwar rumbu ta miƙe ƙafa, fuskarta a sake yadda ya daɗe bai gani ba. Tana ganinsa ta tambaya ko ya ɗauke damin iri. Ya ajiye kabar a kan tabarmarta. Ta ɗauka, ta juya ƙullin a hannu, idonta ya ciko.

"Da ina wurin, Malam…"

"Da kina wurin, da yanzu kina kwance kina nishi," ya ce. Ya jingine sandar a jikin rumbu, ya zauna kusa da ita a hankali. "Ya bayan naki?"