An Buɗe wa Babur ɗin Iya Wuya

Shekara talatin da biyu Iya Mai Ƙwai tana hawan babur ɗin nan, ko ƙwai ɗaya bai taɓa fashe mata a hanya ba. Ɗan ƙarami ne, da can shuɗi, yanzu kuwa ba shi da wani launi da mutum zai rantse a kai. In ta tsaya ƙafafunta duka biyu suna taka ƙasa. Yana shiga lungun gidansu, wanda ko baro sai an karkata shi, ta tura shi har cikin ɗaki ta jingine tsakanin gado da buhun abincin kaji. Kwalbar mai ɗaya takan kai ta kwana huɗu. Kullum da safe sai ta ɗaure kiret shida na ƙwai a baya da igiyar roba, ta zaga shaguna bakwai da gidan burodi ɗaya, kafin rana ta yi zafi ta dawo.

Tuƙin nata iri ɗaya ne. Ta murɗe totur, wato hannun ba da wuta, har ƙarshe ta riƙe, in za ta tsaya ta saki. Ba ta san akwai wani abu a tsakani ba, kuma ba ta da dalilin sani. Ranar da maigidanta marigayi ya sayo mata shi, kafin ta hau sai da ya kwance hannun totur ɗin ya saka wani ɗan zoben ƙarfe a ciki. Da zoben nan, iyakar gudun babur ɗin shi ne saurin mutumin da ya makara zuwa aiki.

Ranar Talata wayar birki ta tsinke. Bakaniken da ta saba kai wa ya tashi daga unguwar, sai ta tura shi garejin bakin titi, wurin wani da ake ce wa Injiniya. Babban mutum ne, gemunsa har da furfura. Ta ce masa wayar birki. Ta nuna masa da yatsa. Ta sake cewa wayar birki, sannan ta tafi. Da yamma ta karɓa ta turo shi gida, tunda tafiyar ba ta kai a tada inji ba.

Laraba da safe ta ɗaure kiret shida, ta taka kik, ta murɗe totur yadda ta saba. Babur ya ɗaga kai ya fice daga lungu kamar an tsikare shi, ya tsallake titi, ya shiga shagon tela. Ita ta tsaya a kan tarin yadi. Babur ya tsaya a jikin keken ɗinki. Ƙwai kuwa har silin.

Ba ta karye ba, gwiwa ce ta goge. Kafin ta gama karkaɗe zane an kira Auta, ɗanta na ƙarshe, mai shekara arba'in da ɗaya, ma'aikacin ofis mai rataya kati a wuya. Ya ba tela haƙuri, ya zare makullin babur ya sa aljihu.

"Umma, shi ke nan kuma. Hannunki ya fara rawa. Ba laifinki ba ne, shekaru ne."

"Hannun wa?"

"Kowa ya gani ai."

"Kowa ya ga na shiga shagon tela. Wa ya ga hannuna?"

Auta ya ce ranar Asabar zai kai babur wurin dillali, za a samo wanda zai riƙa kai ƙwan, ita kuma ta zauna ta huta. Ta san irin hutun. Kujera ce a bakin ƙofa, a riƙa gaishe ka da ƙarfi kamar kurma.

Alhamis tun da safe ta ɗingisa zuwa gareji. Ta tarar da Injiniya a tsugune yana wanke kaca a cikin rabin jarka.

"A'a, Iya! Yaya kika ji shi?"

"Na ji shi. Tela ma ya ji shi. Me na ce ka gyara?"

"Wayar birki, na kuwa sa sabuwa. Amma da na tada shi, Iya, tausayi ya ba ni. Inji lafiyayye, an shaƙe masa wuya. Wani mugu ne ya cusa masa zobe a totur. Na cire na buɗe masa wuya. Kyauta na yi miki, ban ma faɗa ba."

"Mugun mijina ne."

Injiniya ya daina wanke kacar. "Allah ya jiƙansa."

"Amin. Ina zoben?"

Ya nuna wani tsohon bokitin fenti cike da noti da kusoshi da guntayen ƙarafa na shekara da shekaru, baƙin mai ya haɗa su duka kala ɗaya.

"To abu biyu za ka yi," ta ce. "Ka mayar da shi yadda ka same shi. Sannan ka gaya wa ɗana da bakinka cewa kai ne ka taɓa, hannuna lafiya lau."

Nan aka sha bamban. Mayar da zobe, in ta matsa, zai duba. Amma ya tsaya gaban mutum ya ce ya ɓata aiki, wannan kam a'a. Shekara talatin ana kawo masa babur don ya ƙara masa gudu, ba a taɓa dawowa ana kuka don ya yi gudun ba.

"Gyara na yi, Iya. Ke ce za ki koyi murɗawa kaɗan-kaɗan."

"Da tsufana? Da ƙwan mutane a baya? Ni na aike ka?"

Ta share bencin da masu jira ke zama, ta zauna a tsakiya, ta miƙe ƙafar mai ciwo. Mutumin farko da ya turo babur, ta gaishe shi da kyau.

"Bawan Allah, me ka kawo?"

"Faci, Mama."

"To ka tsaya a kansa, kada ka matsa ko nan da can. Ni wayar birki na kawo." Ta nuna masa gwiwa.

Mutumin ya dubi gwiwa, ya dubi Injiniya, ya ce bari ya je ya dawo. Na biyu fulogi ya kawo, shi ma ya ga gwiwa. Wata malamar makaranta ta tambaya ko da gaske ne, Iya ta ce ta leƙa shagon tela ta ɗaga kai sama. Ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Da Injiniya ya sayo mata ruwan sanyi ta karɓa ta sha, ta yi masa godiya, ta ci gaba.

Washegari ta zo da filas da matashi. Kafin yamma babura biyu kacal aka bari a garejin, ɗaya ma na ƙanin Injiniya ne. Injiniya da kansa ya nemi lambar Auta ya ce don Allah a zo a tafi da tsohuwa.

Auta ya iso a kan babur ɗin, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Bai taɓa hawansa ba sai ranar, kunyarsa yake ji tun yana makaranta. Ya hawo ne don a gama magana.

"Umma, ga shi daga gida na taho da shi lafiya lau. Babu abin da ya same shi. Ki tashi mu tafi, kin tara mana mutane."

"Yaya ka murɗa?"

"Kaɗan-kaɗan mana, kamar kowa."

"Ka taɓa ganin na murɗa kaɗan-kaɗan? Tun kana sa gajeren wando kake kallona. Murɗa yadda nake yi."

"Umma..."

"Ai hannunka ba ya rawa. Murɗa."

Mutane na kallo, har tela ya fito bakin shago da tef a wuya. Auta ya gyara zama, ya murɗe har ƙarshe. Tsakanin benci da tarin tsofaffin tayoyi bai fi taku goma sha biyar ba, kuma bai ɗauke shi wani lokaci ba. Babur ya kwanta gefe, tayar baya na juyawa. Auta na cikin tayoyi, takalmi ɗaya a waje.

Iya ta zuba shayi a murfin filas. "Shekaru ne," ta ce.

Da aka zaro shi bai kalli uwarsa ba, Injiniya ya nufa. "Malam, me ka yi wa babur ɗin nan?"

"Ni ban ɓata komai ba, Yallaɓai. Zobe ne kawai na cire a totur. Da iyakarsa nan," ya nuna da yatsu biyu, "yanzu kuma yana kaiwa nan. Ai ka ji da kanka yadda yake tashi."

"An ce ka cire?"

"Ba a ce ba. Amma duk bakaniken da ya ji kukan injin nan..."

"Ya isa," in ji Iya. "Ya faɗa. Auta, ka ji ko a maimaita maka?"

Auta ya ce ya ji.

Aka juye bokitin fenti a ƙasa. Injiniya da Auta suka tsuguna suna tona, tela ma ya sa hannu. An sami zobba sun kai ashirin, babu wanda ya shiga. Iya ta ce ita ba ta taɓa ganinsa ba, a ciki yake, saboda haka kada a tambaye ta kamanninsa. Dole Injiniya ya yanko guntun bututu da zarto, ya goge bakinsa, ya kwance hannun totur ya saka. Ya hau ya je ƙarshen layi ya dawo.

"Yana gudu," ta ce.

"Iya, wannan ai ko keke..."

"Ƙara masa."

Ya yanko wani mai ɗan tsawo. Ya je ya dawo, fuska a murtuke kamar wanda aka sa ya karya wa dokinsa ƙafa. Ta ce da saura. A na uku, yana cikin tafiya wata mata mai goyo ta taho a ƙafa daga bayansa, suka jera har bakin gareji. Ya sauka ya kafe babur.

"Don Allah, Iya, kada ki ce a nan aka yi wannan aikin."

"In an tambaye ni zan faɗa."

Ta miƙa wa Auta filas da matashi, ta buɗe masa tafin hannu. Ya tsaya yana juya makulli.

"Umma, ko dai kiret huɗu za ki riƙa ɗauka?"

"Shida. Gidan burodi kwana uku ba su ga ƙwai ba, ka san bakin matar nan."

Ya sa mata makulli a hannu. Ta hau, ta taka kik, ta murɗe totur har ƙarshe ta riƙe. Babur ya yi ƙara mai yawa, sannan ya fara tafiya. Auta ya bi gefenta da filas a hammata, yana cewa ta riƙa duba madubi, ta daina bin babban titi, gwiwar nan kuma a kai asibiti a duba. Har suka kai kwanar lungu yana magana, bai ko yi haki ba.

"Matsa," ta ce. "Lungun ba ya ɗaukar mu biyu."

Ya matsa, ta shige.