Laftanar Guntu Ya Bi Ta Kwalbati

Guntu sojojinsa suke kiran Laftanar a bayan idonsa, don ko da hular kwano a kansa bai kai kafaɗar Saje ba. Wata biyu ke nan da aka ba shi su, mutum ashirin da shida, amma ba su gama sakin jiki da shi ba.

Ran nan da hantsi suna kwance cikin lambatu a gefen titi, wata mashingar abokan gaba daga rufin gidan mai da ke tsallake tana yi musu ruwan wuta. An riga an harbi mai rediyonsu a cinya, jini na zuba, motar asibiti kuma ba ta da hanyar isowa.

Laftanar ya ja ciki ya leƙa wani kwalbati da ya ratsa ƙarƙashin titin. Ga ƙunci, ga baƙin ruwa, ga wari.

Ya ce, "Saje, ku yi ta harbi ku ɗauke musu hankali. Ni da Tela da Sanda za mu bi ta nan." Su biyun ne sirara a cikinsu.

"Yallaɓai, bari ni in shiga. Kai hafsa ne."

Laftanar ya dubi tumbin Saje. "In ka maƙale wa zai jawo ka? Ba mu zo da igiya ba."

Lambatun ya ɗauki dariya, har mai rediyo ya dara yana cije leɓe.

Shi ya fara shiga, bindiga a bayan wuya, yana tafiya da gwiwar hannu. Can tsakiya Tela ya raɗa, "Yallaɓai, wani abu ya taɓa ni."

"Gaishe shi ka wuce."

Suka ɓullo a bayan gidan man, suka hau tsani. Mutum uku ne a kan mashingar, duk sun ba su baya. Laftanar ya daka musu tsawa. Biyu suka ɗaga hannu, na ukun ya juyo ya sakar masa harsashi a kafaɗa kafin Sanda ya danne shi. Laftanar bai yarda ya zauna ba sai da ya ga motar asibiti ta ɗauki mai rediyo.

Da la'asar Saje ya same shi a gadon asibiti.

"Mu nawa ne?"

"Ashirin da shida cif, yallaɓai. Mai rediyo har yana neman shayi."

"Madalla. Kada dai mahaifiyata ta ji."

Saje ya sosa ƙeya, ya miƙo waya. Ashe tun ɗazu tana kan layi.

"Auta! An ce ka shiga kwata?"

"Umma, ciwon fa ba wani babba ba ne."

"Saje ya gaya mini wannan. Ni tambayata, ka yi wanka?"

"Ban yi ba tukuna."

"To, ba ni Sajen."